DIREBAN DA BA YA TUƘA MOTA

  Na san da yawanku kun buɗo shafin nan ne da ɗokin ganin cigaban labarin soyayyar da muka faro, to ku yi mini haƙuri, yau ba shi na kawo muku ba. Labarin kaina ne, kuma a kan kwamfuta ne.

Kada ki yamutsa fuska ki ce ai wannan zancen maza ne. Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, babu yarinyar da ke burin shiga jami'a da za ta ce ba ruwanta da ita. Ga marubuta irina, ga masu sana'a da ke ajiye lissafinsu a ciki, ga amare da hotunan bikinsu. Ranar da ta ƙi tashi, a ranar za ki san abin da kika ba ta ajiya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai haifaffiyar Talata Mafara ce, a nan na yi firamare da sakandare. A farkon shekarar 2021 Yayana da ke aiki a Kaduna ya sayo laftof guda biyu iri ɗaya sak, ya ba ni ɗaya don rubutuna, ɗayar kuma ya ba ɗiyar Kawunmu na Maradun da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan garinmu. A lokacin ina rubuta wani littafi ne a kan rayuwar Kakata, wadda ta haifi Innarmu. Ita 'yar tsohon Maradun ce, a can aka yi mata aure tun kafin a gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje aka tayar da mutane zuwa sabon matsuguni. Da ta tsufa Inna ta dawo da ita wurinmu. Kullum bayan isha'i nakan zauna gefen tabarmarta in kunna rikoda ta waya, tana ba ni labarin yadda Kakanmu ya fara ganin ta a bakin gulbi, da irin wahalar da ya sha kafin a ba shi ita. Da safe sai in kwashe muryar in zuba a kwamfuta, don wayar tawa ba ta da wurin ajiya mai yawa.

A daren ƙarshe da muka yi hira, bayan ta gama labari sai ta ce, "Kak ki kashe abin nan naki tukuna." Nan ta shiga lissafo mini mutanen da ke bin ta bashi da waɗanda take bi, ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da ƙauyensu. Na yi dariya na ce, "Kaka, ke da za ki ga aurena?" Ashe bankwana take yi. A tsakiyar watan Agusta Allah Ya yi mata rasuwa.

'Yan uwana na Zamfara ba sai na tuna muku yadda watan Satumba na 2021 ya zo mana ba. A ranar 1 ga wata aka sace ɗalibai a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, har da tamu ta Talata wadda garin ya ci sunanta. Kwanaki kaɗan bayan nan aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Babukan farko na littafina suna can a Google Drive inda na saba ajiye su, amma babuka tara na ƙarshe da muryar Kaka suna cikin laftof, ba hanyar ɗora su.

Ana cikin wannan hali, wani dare ina rubutu na jona caji, sai wuta ta dawo da wani irin ƙarfi. Ƙwan ɗakinmu ya yi fat, caja ta yi ƙauri, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Washegari da na aro wata cajar na kunna, sai allon ya yi shuɗi da wasu rubuce-rubuce, ta mutu, ta sake tashi, ta sake yin shuɗi. Ko shafin gyara na cikinta ba ta iya buɗewa. Gabana ya yanke ya faɗi. Saura kwana 13 a yi sadakar arba'in a Maradun, kuma Kawu ya riga ya ce a ranar za a kunna wa dangi muryar tsohuwa a sauke mata nauyin da ke kanta. Mutum huɗu kawai nake iya tunawa cikin waɗanda ta lissafa, alhali na san sun fi haka.

Na yafa mayafina na ja ƙanena muka nufi shagon wani mai gyara. Ya soka filashinsa mai ɗauke da Windows, ya yi danne-dannensa, har ya iso shafin da ake tambayar inda za a zuba sabon Windows ɗin. Wurin fayau, babu komai. Ya girgiza kai ya ce, "Malama, sai haƙuri, rumbun ajiyarki ya mutu. Kin gani da idonki, na'ura ba ta ganin shi. A cire a jefar a sa sabo, gobe ki zo ki ɗauki abinki."

Na ce, "Malam, abin da ke ciki fa?"

Ya ce, "Abin da ruwa ya ci ai ya ci."

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka wanke mini fuska ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya da maganarsa, na ce ya rufe mini kayana. Matambayi ba ya ɓata. Akwai wata ƙanwar ƙawar Innarmu da ke aure a Bakura, malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata, Anti muke ce mata. Da yake babu waya, sai muka koma irin ta mutanen da: na rubuta wasiƙa na kai tasha na ba wani direba. Kwana biyu amsa ta dawo a bayan takardar tawa, layi biyu kacal: "Ki taho da ita. Kada ki yarda kowa ya yi mata fomatin."

Da ƙyar Baba ya bar ni, sai da Inna ta ce za ta raka ni, muka bi motar safe kowa bakinsa ɗauke da addu'a. Anti ba ta ko tsaya doguwar gaisuwa ba, ta kunna kwamfutar tana danna wani maɓalli da sauri-sauri, sai ga wani shafi da ban taɓa gani ba. Ta ce sunansa bayos, shi ne ke fara farkawa kafin Windows, kuma shi ke ƙirga kayan da ke cikin na'ura. Ta bi da yatsa har ta tsaya a wani layi, ta ce, "Ƙanwata, karanta nan." Sai ga sunan rumbuna da girmansa, gigabait 256, rangaɗau.

Ta ce, "Rumbun da ya ƙone ƙurmus ba ya amsa kira. Naki ya amsa. Ban ce miki lafiyarsa lau ba, amma yana nan. Direba ne babu."

Inna da ke gefe tana jan carbi ta ɗago ta ce, "Wane direba kuma? Mota ta da za a nemo mata direba?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Ga bayanin da Anti ta yi mana, ku ma ku riƙe shi. Kowane sashe na kwamfuta, allo ne ko lasifika ko rumbun ajiya, yana da yaren da yake ji, Windows kuma ba ya jin duk yarukan nan. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsayawa tsakaninsu kamar tafinta. In babu tafintan lasifika, sai ki ji shiru. In babu na rumbu, sai Windows ya duba ya ce bai ga kowa ba, alhali rumbun na zaune da kayansa. Ta ce kwamfutocin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 11, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2020, da na bayansu, da yawansu suna da wani tsari da ake kira VMD, wanda yake kamar mai gadi a ƙofar rumbu. Windows ɗin da aka sayo na'urar da shi ya san mai gadin, domin an zuba masa direban tun daga masana'anta. Amma na cikin filashin masu gyara bai san shi ba, shi ya sa yake ganin fili. Sunan direban da ake nema Intel Rapid Storage Technology.

Ta ƙara da cewa abin ba sabo ba ne. A zamanin Windows XP ma sai mutum ya danna F6 ya soka faifan fulofi kafin a ga wasu rumbunan, shi ya sa aka daɗe ana kiran jakar irin wannan direba da suna mai F6 a ciki. A wasu na'urorin ana iya kashe VMD ɗin daga bayos a huta, ta duba tawa sama da ƙasa, babu wurin kashewa. Ta kuma gargaɗe ni cewa ko da akwai, ba abin da ake taɓawa da ka ba ne, domin sauya shi kan hana Windows ɗin da ke ciki tashi.

Na ce, "To Anti, a ina ake samun sa?"

Ta ce, "A shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na Intel. Aikin minti biyar ne in da intanet." Muka kalli juna. Ta ce abin haushin ma, direban yana nan kwance cikin rumbun nawa, kamar dai a kulle ɗaki a bar makullin a ciki.

To a nan ne mutumin naku ya shigo labarin, wanda a lokacin yake zuwa zance wurina, yanzu kuwa shi ne maigidan. Da na koma gida ya zo da yamma ya tarar idona ya yi luhu-luhu. Bai ce mini "share hawayenki zan saya miki sabuwa" ba, don ya san ba ƙarfen nake wa kuka ba. Cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, rubuta mini sunan abin, gobe in Allah Ya kai mu zan shiga Sakkwato." A kwanakin nan haka mutane ke yi, a hau mota a bar jihar don kawai a kira ɗan uwa a ce ana lafiya. Na ba shi takardar da Anti ta rubuta. Ya tafi ya dawo da filashi a aljihun gaba yana ta murmushi kamar wanda ya kawo lefe.

Muka sake komawa Bakura. Anti ta gwada, na'ura ta ce ba ta ga direban da ya dace ba. Da ta duba sai ta ga lamba 17 aka sauko masa da shi, na injinan da suka gabata, nawa kuwa sai daga 18 zuwa sama. Ashe yaron shagon intanet ɗin ne ya ce masa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, 'yan uwa. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma makullin ɗakin uwargida ba ya buɗe na amarya. Bawan Allah da ya ji, ya ce zai koma. Na ce a'a, hanyar nan ba ta bi sau biyu a mako ba ce saboda ni.

Saura kwana huɗu. Anti ta yi tagumi, can sai ta ce, "Wai ba ki san mai irin kwamfutar nan taki ba? Irinta sak nake nufi." Na dafe ƙirji na ce, "Ɗiyar Kawu!" Tun da aka shiga wannan hali ta koma gida Maradun da tata. Anti ta yi tafi ta ce an gama. Ta yago takarda daga littafin darasinta ta rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya, ta ara mini filashinta na Windows da wani babba na zuba kaya. Na ce ina ma za ta bi mu. Ta ce, "Ke da kike rubuta littafi mai shafi ɗari biyu, layi goma ne zai gagare ki?"

Ana gobe sadaka muka isa Maradun. Gida cike da baƙi, ana ta gyaran gero, mu kuwa ni da 'yar uwata muka shige ɗakin Gwaggo muka turo ƙofa, bayan mun kai na'urorin biyu wurin mai sola sun sha caji. Ga abin da muka yi, ki kwafe shi a bayan littafinki.

A cikin tata mai lafiya muka buɗe rumbun C, muka shiga jakar Windows, daga nan System32, sai DriverStore, sai FileRepository. A nan kwamfuta ke tara duk direbobinta. Muka nemo jakar da sunanta ya fara da iastorvd, muka kwafe ta ɗungurungum zuwa babban filashin. Sannan muka soka filasan biyu a tawa, muka tashe ta da na Windows, muka bi har shafin nan da ya sa ni kuka a shagon mai gyara. A ƙasansa akwai wurin da aka rubuta Load driver, na danna, na danna Browse, na nuna mata jakar da muka kwafo. Sai ga layi ya fito mai ɗauke da VMD. Na zaɓe shi na ce ta ci gaba, hannuna na karkarwa, ƙirjina na dukan uku-uku. Wani koren zare ya yi ta kai da komo. Can sai shafin ya dawo, ga rumbuna ya bayyana da ɓangarorinsa reras.

'Yar uwata ta buɗe baki za ta yi guɗa na toshe mata shi, na ce gidan makoki muke.

A nan ne wurin hatsarin, kuma Anti ta ja masa layi biyu da jan biro. Idan rumbun ya fito, kada ki taɓa Format, kada ki taɓa Delete, kada ki ce a ci gaba da zuba Windows. Kayanki za ki fara kwashewa. Na danne Shift tare da F10, a wasu na'urorin sai an haɗa da Fn, sai wani baƙin allo ya buɗe. Na rubuta notepad na danna Enter. Daga cikinsa na shiga File, na zaɓi Open, na sauya shi ya nuna kowane irin fayil. Ta wannan 'yar tagar na shiga rumbuna, wanda harafinsa ya sauya daga C zuwa wani, na shiga Users, na ga sunana, na ga jakar da na sa wa suna Kaka. Na kwafe ta zuwa filashi, na kwafe littafina. Ba ya nuna miki yadda aikin ke tafiya, sai dai ki yi ta kallon 'yar fitilar filashi har ta daina ƙyaftawa.

Washegari bayan an yi addu'a an watse, Kawu ya tara 'ya'yanta da jikoki a tsakar gida, aka kunna a kwamfutar 'yar uwata. Da muryar ta fito tana cewa "Kak ki kashe abin nan naki tukuna," Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Mutum bakwai ta lissafa. Cikin ukun da suka kwanta mini a rai har da wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da dam da ke bin ta tiya shida ta gero tun wata shekarar yunwa, ba wanda ya san da zancen a gidan. Kawu ya rubuta duka, kafin mako ya zagayo an sallami kowa. Tsohuwar nan da aka kai mata geron, aka ce kuka ta yi ta ce ita ta ma yafe tun tuni.

Daga baya Anti ta sake zuba mini Windows da wannan direban dai, kuma har yau da na'urar nake aiki. Layin waya bai dawo mana ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Littafin kuwa na kammala shi, wasunku ma sun karanta.

Abin da ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yanzu shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da, mutane na ta kai na'urorinsu a sauya musu zuwa Windows 11, kuma da yawa za su ci karo da wannan shafi fayau. Don haka ga nasihata. Tun kwamfutarki na lafiya, juya bayanta ki kwafe cikakken sunanta da lambarta a littafi. Ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ki sauko da direban rumbunta, wanda aka warware cikin jaka, ki ajiye a filashi, ki jefa cikin akwatin sarƙoƙinki. Kada ki ɗauko direba a kowane shafi da kika gani, wasu ƙwayar cuta ce aka yi wa kwalliya. Ki kuma bincika ko rumbunki na kulle da BitLocker, domin sababbin na'urori da yawa suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. In haka ne, akwai makulli mai lamba 48 a cikin asusun naki, ki rubuta shi a takarda, don in babu shi ko an ga rumbun ba za a iya buɗe shi ba. Duk abin da kike ƙauna, ki ajiye shi wuri biyu, ɗaya a intanet ɗaya a hannu.

In kuma ta riga ta faru, aka ce miki rumbu ya mutu, ki ce cikin ladabi, "Malam, don Allah a duba mini bayos tukuna." Wani lokacin da gaske ya mutun, sai haƙuri. Amma ki tabbatar kafin a jefar. Masu gyaran nan ba mugunta suke yi ba, wani bai taɓa cin karo da irin na'urar ba ne, kuma ba shi ya san darajar abin da ke ciki ba, ke ce.

Ƙannena 'yan makaranta, ranar darasin kwamfuta kada ku koma kujerar baya kuna hirar anko. Ku matsa gaba ku yi tambaya. Masu kakanni a raye kuma, ku zauna kusa da su ku ɗauki muryarsu tun da sauran lokaci.

 A fitowa ta gaba za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Taku har kullum, daga Talata Mafara.